Ƙofar kicin ce ta ƙona ta, amma kowa cewa yake tsautsayi

Wata huɗu kenan da aka kira ni a waya ina kan aiki a Asokore Mampong, nan gefen Kumasi a ƙasar Ghana, aka ce in zo maza 'yar yayata ta ƙone a wurin aiki. Yarinya ce 'yar shekara 19, tana aiki a wani gidan abinci can cikin gari, irin wanda ma'aikatan banki da 'yan shaguna ke cikawa da rana. Tsakanin kicin da inda mutane ke zama akwai ƙofar katako mai sifirin, irin wadda in ka tura ta ciki ta buɗe, in ka tura ta waje ma ta buɗe, sannan ta dawo da kanta tana lilo. Ita ta sauko da babbar tukunyar miya daga kan wuta da hannu biyu za ta kai gaba inda ake zubawa, wani yaro kuma ya kwaso kwanuka daga waje ya bangaje ƙofar da kafaɗa don shi ma hannunsa cike yake. Ba ya ganinta ba ta ganinsa, ƙofar ba taga ba gilashi, ko ɗan rami babu. Ƙofa ta daki tukunya, miya mai manja da ke tafasa ta kwarare mata tun daga kafaɗa har gwiwar hannu, saura ya gangara ƙirji.

Kafin in iso har an fasa mata ɗanyen ƙwai a wurin, wata ta shafa man goge baki, alhali famfo na nan a kicin ɗin, kuma abin da likitoci ke cewa shi ne a sakar wa ƙuna ruwa mai sanyi kamar minti 20 kafin komai. Muka sa ta a tasi sai Gee, wato asibitin Komfo Anokye. A hanya ba ta yi kuka sosai ba, abin da take ta maimaitawa shi ne "Kawu, ka ce wa Hajiya ba da gangan na zubar da miyar ba." Hajiya ita ce mai gidan abincin. Wallahi wannan maganar ta fi ƙunar tsaya min a rai. Fatar hannunta na saɓulewa, ita kuma tunaninta kar a cire kuɗin miya a albashinta.

Kwanakin da ta yi a kwance 'yan dubiya sun zo, Allah ya saka musu, daga Aboabo, daga Asawase, har daga Tafo. Kowa ya shigo kalma ɗaya ce, sannu, tsautsayi ne, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wasu su ƙara da cewa ai yaran yanzu ba sa duba gabansu. Ban ji mutum ɗaya ya tambayi ƙofar ba. Ni kuma tun da na ji labarin ƙofar kawai nake gani, saboda aikina kenan, alminiyam da gilashi nake yi tun ina saurayi, na sa ƙofofi a shaguna da ofisoshi da gidajen abinci a garin nan da ban san adadinsu ba. Kuma ra'ayina a fili yake: in ƙofa ta ji wa ma'aikaci ciwo a wurin aiki, kafin a tambayi ma'aikacin ina idonsa yake, a fara tambayar mai wurin da wanda ya sa ƙofar. Mafi yawan lokaci laifin yana can.

Bari in faɗi abin da duk mai sana'ata ya sani. Ƙofar da ke buɗewa gaba da baya, dole a yanka mata taga a daidai fuskar mutum, a sa gilashi, don na ciki ya ga na waje. Ba ado ba ne, dalilin tagar kenan. In wurin akwai cunkoso kamar kicin da rana, abin da ya fi shi ne ƙofa biyu, ɗaya shiga ɗaya fita, kowa ya san hannunsa. Sai kuma sifirin ɗin. Ko na ƙasa ne da ake binnewa a siminti, ko kuloza ce da ake ɗaurawa a sama, mai ne a ciki yake riƙe ƙofar ta dawo a hankali, kuma akwai 'yan sukuru da ake juyawa a rage gudun ko a ƙara. In man ya tsiyaye, za ka ga baƙin danshi a ƙasa ko a jikin ƙyauren, daga ranar ƙofar ta zama majajjawa, ta dawo da ƙarfinta gaba ɗaya. Ka shiga Adum, unguwar kasuwanci a tsakiyar gari, ka bi shagunan nan masu ƙofar gilashi ka saurara, za ka ji bam, bam. Duk ƙofar da ke wannan ƙarar ta lalace, mutane sun saba da ita ne kawai. Kuma mutane ba su san nauyin abin ba. Gilashi mai kaurin milimita 12, ƙofa ɗaya mai faɗin santimita 90 da tsayin mita 2 da ɗan wani abu, ta haura kilo 50, wato ta fi buhun siminti. Buhun siminti ne ke lilo a hanyar da yarinya ke bi da tire sau ɗari a rana.

Shi kansa gilashin iri biyu ne. Akwai wanda aka gasa, tamfad muke ce masa, in ya fashe sai ya zube ƙanana kamar tsakuwa. Akwai na taga na yau da kullum, shi in ya fashe dogayen tsini yake yi kamar wuƙa, ya yanke jijiya. Na farkon ya fi tsada kuma sai ka ba da awo an yi maka, don ba a yanka shi bayan an gasa. To nan ne maganar ta dawo kaina, kuma ba zan ɓoye ba. Na sha ba mai shago kuɗin aiki, ya duba ya ce masta rage, cire wannan, taga ta mene ne, sa min gilashin da ke hannunka kawai, ni kuma ina tunanin kuɗin makarantar yara da kuma cewa in na ƙi wani zai karɓa kafin la'asar, sai in ce to. Ba ni na sa ƙofar da ta ƙona 'yar yayata ba, amma na sa irinta a wasu wurare, kuma 'ya'yan wasu ne ke bi ta cikinsu yanzu haka da nake rubutun nan. Tun ranar nake bin waɗanda na tuna ɗaya bayan ɗaya, wasu sun bar ni na gyara, wasu sun ce in bari sai an samu kuɗi.

Ba kicin kaɗai ba ne. Mu nan rabin sana'armu a kwantena ake yi, teloli, masu gyaran waya, masu sayar da kayan mota a Suame Magazin, masu kayan masarufi a bakin titi. Ƙofar kwantena ƙarfe ce zalla, kuma da yawa dutse kawai ake tokare ta da shi ko guntun katako. Lokacin da hadari ke tasowa, wajen Maris da Afrilu, iskar nan ta farko da ke zuwa da ƙura kafin ruwa, ita ke fizge ƙofar ta maka wa duk wanda ke tsaye. Ƙugiya da sarƙa da mai walda zai manna maka cikin minti goma sun isa su riƙe ta a bango. Akwai wani yaro a layinmu da ke aiki a kolsito, inda ake sayar da kaji da kifin ƙanƙara, ya dafa bango yana jiran a miƙo masa kwali, yatsunsa a ɓangaren hinji, wani ya turo ƙofar daga ciki ba tare da ya sani ba. Kan yatsa biyu suka tafi. Mutane na ganin bakin ƙofa ne ke da haɗari, amma gefen hinji ya fi muni nesa ba kusa ba, don kamar filaya yake aiki: in kana turawa daga santimita 90, yatsa kuma yana santimita 3 daga hinji, ƙarfin da ya sauka a kansa ya ninka naka sau 30. Ƙaramin yaro ma zai iya guntule yatsan babba a haka. Akwai roba da ake sawa ta rufe wannan tsagar daga sama har ƙasa, ni dai ban taɓa samun mai shago ɗaya da ya nema da kansa ba. Yaron nan yanzu ba ya iya ɗaga kwali yadda ya saba, an sallame shi da 'yan sidi da "Allah ya ƙara sauƙi", pragya, wato babur mai ƙafa uku na haya, yake koyon tuƙawa.

Na san abin da wasu za su ce, to kai kana ja da ƙaddara ne? A'uzubillahi. Na yi imani abin da ya same ta rubutacce ne tun kafin a haife ta. Amma mu ɗin nan da muke cewa ƙaddara, da dare kwaɗo biyu muke sa wa shago, mu ƙara sakata, mu biya mai gadi. Ba wanda ke barin kwantenarsa a buɗe ya ce in an ƙaddara za a yi sata za a yi. In maganar kaya ce mun san a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, tun muna makarantar allo muke jin wannan. Sai in maganar fatar ɗan wani ce muke tuna tsautsayi. Kuma malamanmu kullum suna karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. To ƙofar da ke dukan mutane, wadda mai wurin ya san tana duka, don ba ranar ta fara ba, ma'aikatan sun ce min sau da yawa kwanuka sun fashe a wurin kuma an cire a albashinsu, wannan ba abin cutarwa ba ne a kan hanya? Kalmar tsautsayi tana da kyau a bakin wanda abin ya sama, tana sanyaya masa zuciya. In ta fito daga bakin wanda ya ƙi gyara ƙofar, ni dai kunyarta nake ji.

Sai masu cewa ai ma'aikacin ma ya kamata ya kula. Gaskiya ne akwai masu gaggawa, akwai masu latsa waya suna tafiya. Amma ka taɓa tsayawa a kicin ɗin gidan abinci tsakanin sha biyu da biyu na rana? Ana kiran fufu nan, ana kiran shinkafa da wake can, madam na faɗa a yi sauri mutane na jira, ƙasa jiƙe da ruwa da mai, hayaƙi, zafi, yarinya ta tashi tun kafin asuba. A haka ake so ta san akwai mutum a bayan katako. Da me za ta sani? Mutum komai kularsa wata rana hankalinsa zai tafi na daƙiƙa ɗaya, shi ya sa ake gina wurin aiki yadda wannan daƙiƙar ba za ta zama tabon har abada ba. Kuma ina tausayin masu wuraren su ma, ban ce suna cikin daɗi ba, haya sai ka biya shekara biyu gaba, kuɗin wuta, gas, KMA, wato hukumar birnin Kumasi, na zuwa da tikiti, sidi yau sama gobe ƙasa. Hajiyar nan ba muguwa ba ce, ta zo asibiti, ta yi kuka, ta kawo abin da ta kawo. Sai dai kuɗin yanka taga a sa gilashi bai kai cinikinta na awa ɗaya ba, kuma abin da muka kashe a makon farko kaɗai wajen magani da bandeji da zirga-zirga zai sa sababbin ƙofofi a gidan gaba ɗaya.

Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba, ƙasar nan tana da doka a kan wannan, ba ma ɗaya ba. Akwai dokar masana'antu da ofisoshi da shaguna ta 1970, Act 328, ka ji har da shaguna a sunanta, kuma akwai sashen sufetoci da aikinsu kenan su zagaya su duba wuraren aiki. Akwai dokar ƙwadago ta 2003, Act 651, wadda ta ɗora wa wanda ya ɗauki mutum aiki nauyin tabbatar da cewa ma'aikaci na aiki a wuri mai aminci da lafiya, ta ce in hatsari ya faru dole ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7, ta kuma ba ma'aikaci damar janye jikinsa daga abin da ya ga zai halaka shi ba tare da an kore shi a kan haka ba. Sannan akwai dokar diyyar ma'aikata ta 1987, PNDC Law 187. Wannan ce ta fi shafarmu. Ta ce in mutum ya ji ciwo a bakin aikinsa saboda aikin, wanda ya ɗauke shi aikin ne zai ɗauki nauyin magani, in kuma ciwon ya bar nakasa likita ya auna a biya diyya gwargwadon abin da ya rasa, yatsa da lissafinsa, hannu da lissafinsa. Kuma ba sai kana da takarda ba, yarjejeniyar baki ma tana ciki, har ɗan koyon sana'a yana ciki. Wannan ya kamata mu mastoci mu ji da kyau, mu da muke tara yara a shago muna cewa ai ɗana ne. Amma akwai wa'adi, wata 6 ne, in ka zauna kana jiran a ji tausayinka lokaci ya wuce.

To me ya sa dokar ba ta isowa zango, unguwanninmu na Hausawa da sauran Musulmi? Wani ɓangare laifin hukuma ne. Ni shekarun da na yi ina sa ƙofofi a ƙananan wurare, ba a taɓa kirana an ce sufeto ya zo ya ce a gyara ƙofa ba, masu karɓar haraji kuwa ba sa ɓata hanya. Sabuwar doka guda ɗaya da za ta haɗa duk harkar tsaron lafiyar ma'aikata, shekara da shekaru ana maganarta, gwamnatoci na zuwa suna tafiya. Amma babban ɓangaren namu ne, kuma shi ya fi min ciwo. Mu a zango wanda ya ba ka aiki ko ɗan'uwa ne, ko maƙwabci, ko wanda kuke sahu ɗaya a masallaci, ko wadda ta yi wa uwarka ɗawainiya ranar sunanka. Da na fara maganar ofishin leba, wato na ƙwadago, yayata ce ta fara riƙe min hannu, ta ce ƙanena rufa min asiri, Hajiya ce ta ɗauke ta aiki lokacin da ba mu da ko na koko, yanzu mu kai ta ƙara, da wane ido zan kalle ta a wurin biki? Wani dattijo da nake girmamawa ya kira ni gefe bayan magariba ya ce ɗana, mu baƙin juna ne a garin nan? A bar maganar, Allah zai saka wa yarinyar. Na ce Baba na ji, amma wa zai saka wa ta bayanta, tun da ƙofar na nan yadda take? Ya yi shiru, ni ma na yi shiru don ba tarbiyya ba ce in ci gaba.

Zumuncin nan namu shi ya riƙe mu a ƙasar nan tun zamanin kakanni masu fataucin goro, ba na wasa da shi. Amma na lura duk lokacin da aka ce a yi haƙuri saboda zumunci, ƙaramin ne ke haƙurin. Ban taɓa ji an tara dattawa an je wurin mai shago an ce saboda zumunci ka gyara ƙofarka, saboda zumunci ka riƙe albashin yarinyar nan har ta warke ba. In da ana haka da ba wanda zai nemi hanyar ofishin leba. Mu ne fa muka binne 'yan'uwanmu bayan 9 ga Mayu 2001, ranar wasan ƙwallon ƙafa na Hearts da Kotoko a filin wasa na Akra, mutum 126, da yawansu yaran zango, aka harba barkonon tsohuwa mutane suka ruga suka tarar da ƙofofi a rufe. Duk shekara ana tunawa, ana addu'a. Mun san ƙofa na kisa. Waccan ta ɗauki mutane da yawa a dare ɗaya shi ya sa duniya ta ji, ta kicin da ta kolsito ɗaya-ɗaya suke ɗauka, yau yatsa, gobe goshi, jibi hannun budurwa da ko aure ba ta yi ba, kuma ba mai rubutawa a ko'ina.

Ni abin da nake roƙo bai da yawa. 'Yan'uwana masu alminiyam da kafintoci da masu walda, muna da ƙungiyoyi, muna taruwa in za a yaye yaro ko in wani ya yi rashi, to mu haɗa baki a kan abu ɗaya, ƙofa mai lilo ba taga ba ma sawa, gilashin taga a ƙofar shago ba ma sawa, ko nawa aka rage. In kowa ya ƙi, mai shago ba shi da inda za shi. Limamanmu kuma, huɗuba ɗaya a kan haƙƙin ɗan aiki, da misalin ƙofa da tukunya da wayar wuta da ke a fili, ta fi sufeto goma tasiri a unguwanninmu, don Alhaji zai iya kauce wa sufeto amma ranar Juma'a yana sahun gaba. Kai kuma mai wuri, gobe da safe kafin ciniki ya fara ka tura ƙofarka ka sake ta ka tsaya ka gani. In ta dawo da gudu ko ta buga, kira wanda ya sa maka, wani lokacin sukurudireba kawai za a sa a juya.

Makon jiya na ɗauki kayan aikina na je gidan abincin da sassafe ba tare da an kira ni ba. Na gaishe da Hajiya, na ce Hajiya izini nake nema in yanka taga a ƙofar nan, ba na son ko pesuwa. Ta daɗe tana kallona sannan ta ce masta bismilla. Ban yi awa ɗaya ba na gama, har da rage gudun sifirin. Ina goge gilashin sai na hango ta cikinsa wata sabuwar yarinya da aka ɗauka, ba ta kai tawa shekaru ba, ta rungumo tukunyar nan dai da tsumma a hannu biyu tana tahowa, ta ɗago kai ta gan ni ta tsaya.

Tawa kuwa tana gida, hannun ya warke amma fatar ta tattare a gwiwar hannu, ba ya miƙewa duka, kuma ko da zafin rana doguwar riga take sawa. Albashi ya tsaya tun wata na biyu. Saura wata biyu wa'adin ya cika. Na faɗa wa Hajiya da bakina kafin in bar wurin cewa ranar Litinin zan kai yarinyar ofishin leba da takardun asibiti, don kar ta ji a bakin wani, kuma in tana so mu tafi tare a zauna a yi lissafin cikin mutunci ni zan zo in ɗauke ta. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Yayata har yanzu ba ta amsa wayata.